Murɗewar hanji: yadda ake gano ta da hoto, mataki-mataki

Toshewar hanji iri-iri ce, kuma ba duka ne suke da gaggawa ɗaya ba. Wanda hanjinsa ya manne saboda tsohuwar tiyata, ana iya sa masa robar hanci da ƙarin ruwa a zuba ido kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ya buɗe da kansa. Wanda hanjinsa ya murɗe kuwa ba a yi masa wannan haƙurin. Hanji yana rataye ne a jikin wani tantani mai kitse da ake kira mesentari, kuma ta cikinsa jijiyoyin jini suke bi su ciyar da shi. Idan hanji ya juya a kan gindinsa, hanya ta toshe a wuri biyu, jijiyoyin ma sun shaƙe. Juyin digiri 180 ya isa ya tare iska da bayan gida. Idan ya kai 360 jini ya fara yankewa, kuma cikin 'yan sa'o'i hanjin zai fara mutuwa.

Wannan bayani na ƙaramin likita ne da jami'in lafiya da mai ɗaukar hoto, musamman wanda yake aiki a asibitin da eksire da sikanin kawai ke akwai, na'urar CT kuwa sai an yi tafiya zuwa babban asibitin koyarwa irin na Kano, Shika, Sakkwato ko Maiduguri, ko kuma Yamai. A irin wannan wuri, sanin hoton da za a nema da sanin lokacin da za a daina neman hoto duk aiki ɗaya ne.

Mataki na 1: Taɓa cikin kafin ka rubuta takardar hoto

Ka buɗe majiyyaci daga ƙirji zuwa cinya. Ka duba matsematsi da cibiya da maraina, domin ƙaba da ta shaƙe tana cikin manyan abubuwan da ke toshe hanji a ƙasashenmu, kuma ita hannu ne yake gano ta, ba na'ura ba. Ka nemi tabon tiyata. Ka sa yatsa a dubura: a murɗewar babban hanji yawanci za ka tarar da ita wayam, idan kuwa jini ya biyo safar hannu, to ka ɗauka hanji ya fara lalacewa.

Sannan ka yanke hukunci mafi muhimmanci. Idan ciki ya yi tauri kamar katako, majiyyaci na zabura da an taɓa, ga zazzaɓi, bugun zuciya ya yi sama, hawan jini ya faɗi, wannan ba mai yawon ɗakin hoto ba ne. A sa masa manyan allurai biyu a ba shi ruwa, robar hanci, robar fitsari, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kira likitan tiyata. Eksire ɗaya a hanya ba laifi, amma ba a ɗora shi a mota tafiyar sa'a huɗu don a samo CT.

Wanda bai kai nan ba ma, a fara ruwan kafin a tura shi hoto, kuma kada ya tafi shi kaɗai da ɗan rakiya.

Mataki na 2: Shekaru su faɗa maka inda za ka sa ido

Wurare uku ne aka fi samun murɗewar.

Na farko shi ne sigmoyid, ɓangaren ƙarshe na babban hanji da yake lanƙwashe a ƙasan ciki ta hagu kafin dubura. A Turai da Amurka cutar tsofaffi ce masu shekara 70 zuwa sama, masu daɗaɗɗen taurin bayan gida ko waɗanda ke kwance. A Afirka, Gabas ta Tsakiya, Indiya da tsaunukan Andes na Kudancin Amurka kuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma tana kama maza masu ƙarfi a jika, 'yan shekara 40 zuwa 60, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ana danganta wannan da tsawon sigmoyid da siririn gindinsa, da kuma abinci mai yawan dusa da harza. Labarin da za ka ji shi ne ciki ya kumbura sosai cikin kwana biyu ko uku, ba tusa ba bayan gida, amai kuma sai daga baya. Wasu za su ce maka an taɓa yin haka, sai suka yi tusa mai yawa ya sace.

Na biyu shi ne sikam, farkon babban hanji a ƙasan ciki ta dama, inda afendiks yake. Ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru, mata sun ɗan fi yawa.

Na uku shi ne ƙaramin hanji. A jarirai yana faruwa saboda hanjin bai gama juyin digiri 270 da yake yi a cikin mahaifa ba, sai ya zauna a kan siririn gindi. A manya yana biyo mannewar hanji, ko ya zo haka kawai. An ba da rahoton yawaitarsa a Afghanistan da Iran da Habasha ga mutanen da suka cika ciki da abinci mai nauyi lokaci guda bayan doguwar yunwa, don haka ka tambayi abin da aka ci da lokacin da aka ci. A yara ka tuna da macijin ciki, domin dunƙulen tsutsa yana iya ja wa hanji nauyi har ya juya.

Mataki na 3: Eksire, kuma a ɗauke shi daidai

Ka nemi hoto biyu: na ciki a kwance rigingine, da na ƙirji a tsaye. Na cikin dole ya kama daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki har ƙashin gaban mara. Idan cikin ya yi girman da faranti ɗaya ba zai ɗauke shi ba, a yi biyu. Hoton da aka yanke samansa ko ƙasansa ɓarnar kuɗin majiyyaci ne, domin kan murɗin da gindinsa su ne ake nema.

Na ƙirjin kuwa aikinsa gano iskar da ta fita daga hanji idan ya huje. A bar majiyyaci a zaune kamar minti 10 kafin a ɗauka, don iskar ta taru a ƙarƙashin tantanin, ta fito kamar siririn jinjirin wata a saman hanta. Wanda ba zai iya zama ba a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa na hagu a ɗauka daga gefe. A yankunan da taifot ke huda hanjin yara da matasa, wannan hoto yana raba gardama da wuri. Hoton ciki a tsaye, wanda ake yawan yi a asibitocinmu don ganin layukan ruwa da iska, yana tabbatar da toshewa, amma ba ya cika nuna dalilinta.

Da hoto ya zo hannunka, ka fara da tambayar wane hanji ne ya kumbura. Ƙaramin hanji yana tsakiyar ciki, kuma layukan cikinsa suna ratsa faɗinsa daga bango zuwa bango. Babban hanji yana gefe-gefe, layukansa ba sa ratsawa gaba ɗaya. Ma'aunin da ake riƙewa shi ne 3, 6, 9: ƙaramin hanji kada ya wuce santimita 3, babba 6, sikam 9.

Murɗaɗɗen sigmoyid yana fitowa a matsayin ƙaton lanƙwasasshen hanji cike da iska, wanda ya taso daga mara ya doshi sama, yawanci wajen dama ƙarƙashin hanta. Bangonsa sumul ne, layukan nan sun ɓace. A tsakiyarsa akwai farin layi mai kauri, inda bangon hannayen lanƙwasar biyu suka haɗu, kuma layin yana nuni zuwa ƙasa inda murɗin yake. Littattafai suna kiran wannan alamar ƙwayar kofi, amma wanda ya saba ganin goro da tsagar da ta raba ɓarinsa biyu zai gane shi nan take. Abubuwa uku suna ƙara tabbaci. Kan lanƙwasar ya haura sama da hanjin da ke gitta ciki. Layukan bango uku sun taru a wuri ɗaya a mara. Dubura babu iska, ko da yake yatsan da ka sa ɗazu yana iya shigar da 'yar kaɗan, kada ta ruɗe ka. Sauran babban hanjin da ke baya shi ma yawanci a kumbure yake.

Murɗaɗɗen sikam ya fi wuyar sha'ani. Yana barin gidansa ya koma tsakiyar ciki ko sama ta hagu, ya yi siffar ƙoda ko waƙafi. Shi layukansa ɗaya ko biyu suna nan, kuma a hoton tsaye layin ruwa ɗaya za ka gani, ba biyu irin na sigmoyid ba. Ƙaramin hanji ya kumbura, sauran babban hanjin kuwa ya lafe ba iska. Ana yawan ɗaukarsa tumbi ne da ya cika da iska. Gwajin mai sauƙi ne: idan robar hanci tana ciki tana zuƙa amma ƙullin iskar bai ragu ba, ba tumbi ba ne.

Bambance waɗannan biyun ba wasan ilimi ba ne. Sigmoyid ana iya warware shi ta dubura ba tare da an yanka ciki ba. Sikam kuwa tiyata ce kai tsaye.

Eksire yana kama kusan biyu cikin uku na murɗewar sigmoyid, na sikam ƙasa da haka sosai. A ƙaramin hanji kuwa yana iya yaudara gaba ɗaya, domin hanjin da ya murɗe yakan cika da ruwa ba iska, sai hoto ya fito fari fat kamar ba komai. Majiyyacin da yake murƙususu da ciwon da ya fi abin da hannu yake ji, ga hoto "mai kyau", shi ne ya fi cancanta a ji tsoronsa.

Ka kuma duba alamun da ke cewa an makara: ana ganin bangon hanji ciki da waje saboda iska ta kewaye shi, alamar da Leo Rigler ya bayyana a 1941, ɗigo-ɗigon iska a cikin bangon kansa, ko rassan iska a gefen hanta.

Mataki na 4: Jariri mai koren amai

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Jaririn da yake tsotso lafiya, sai ya fara amai kore, ana ɗaukarsa mai murɗaɗɗen hanji har sai an tabbatar ba haka ba ne. Mafi yawan masu wannan matsala suna zuwa ne cikin watan farko na haihuwa. A farkon lamarin cikin yana da laushi, bai kumbura ba, eksire kuma yana iya fitowa lafiya lau, ko ya nuna tumbi da farkon hanji sun ɗan buɗe kawai. Ka tambayi uwar launin aman da kyau, in da hali ka ga zanen da ya ɓata. Ruwan ɗorawa na nonon da ya dawo daban, kore kamar ganye daban. Abin da ke cikin haɗari a nan kusan dukan ƙaramin hanji ne, domin duk a kan jijiya ɗaya yake.

Hanya biyu ce. Ta farko sikanin, da kan na'ura mai miƙaƙƙen baki wanda ake duba abubuwan kusa da fata da shi. A ɗora shi a gicciye ƙasan ƙahon zuci, a nemo manyan jijiyoyin hanji guda biyu. A ƙa'ida mai mayar da jini tana dama da mai kawo jini. Idan ta koma hagu ko ta hau gaba, akwai zargin hanjin bai zauna daidai ba. Sai a kunna launin da ke nuna gudun jini a gangara ƙasa sannu a hankali. Idan aka ga jijiyar mayar da jini da tantanin suna naɗe jijiyar kawo jini suna kewaya ta irin tafiyar hannun agogo, murɗewa ce. Pracros da abokan aikinsa a Faransa ne suka bayyana wannan alama a 1992, kuma a hannun gwani tana da ƙarfi ƙwarai. Sai dai zaman jijiyoyin a wurinsu bai wanke jariri ba, kuma iska tana iya rufe komai.

Ta biyu ita ce a ba shi ruwan hoto, wato ruwan da ke fitowa fari a eksire, ta robar hanci, kaɗan-kaɗan, ana kallon tafiyarsa. Abin da ake nema shi ne inda ɓangaren farko na ƙaramin hanji ya ƙare ya haɗu da na biyu. Ya kamata ya tsallaka ƙashin baya ya koma hagu, ya kuma hau daidai da tsayin mafitar tumbi. Idan ya tsaya a dama ko ya yi ƙasa, zaman hanjin ba daidai ba ne. Idan ruwan ya tsaya cak da tsini, ko ya gangara yana nannaɗewa kamar zaren kusa, murɗin ne kake gani. Dole jaririn ya kwanta sak, domin ɗan karkacewa yana canza inda mahaɗar take a hoto, kuma wucewar farko ta ruwan ita ce mai amfani.

In babu mai iya ɗayan biyun a inda kake, kada ka kwana kana jira. Ka sa robar hanci, ka ba da ruwa, ka lulluɓe shi da kyau, ka tura shi inda likitan tiyatar yara yake, kuma ka kira su kafin motar ta tashi. Tiyatar da ake yi ita ce wadda William Ladd na Boston ya tsara a shekarun 1930. Jaririn da cikinsa ya riga ya kumbura, ya yi ja, yana kashin jini, shi ba ya bukatar ko wane hoto. Yaro ɗan wata 3 zuwa shekara 2 mai kukan da ke zuwa yana tafiya kuwa, ka fi zargin hanji ya shige cikin hanji, kuma sikanin yana nuna shi a matsayin zobe cikin zobe.

Mataki na 5: Sikanin a babba

Iskar da ke cike da murɗaɗɗen sigmoyid tana hana gani, don haka a nan amfaninsa kaɗan ne. Inda yake taimakawa shi ne wurin da eksire ya gaza, wato ƙaramin hanji mai cike da ruwa. Ka nemi hanjin da ya wuce santimita 2.5, abin cikinsa yana kai da komo. Idan ka ga wani yanki ya sandare ba ya motsi, bangonsa ya yi kauri, ga ruwa a tsakanin hanji, ka gaya wa likitan tiyata yanzu.

Mataki na 6: Ruwan hoto ta dubura

Idan eksire ya nuna babban hanji a kumbure amma ba a tabbatar ba, CT kuma ba ta kusa, wannan tsohuwar hanya tana nan da amfaninta. Ana zuba ruwan a hankali ba da matsi ba. A murɗewar sigmoyid zai cika dubura, sannan ya tsuke ya ƙare da tsini mai santsi kamar bakin tsuntsu. Idan ciwon daji ne ya toshe, bakin zai fito da kaushi da kafaɗu. Idan ruwan ya wuce har sikam ba abin da ya tare shi, to hanjin ya saki ne kawai ba toshewa, yanayin da Ogilvie ya bayyana a 1948, wanda ake gani bayan tiyatar haihuwa ko ga tsofaffin da gishirin jininsu ya rikice.

A yi amfani da ruwan da ke narkewa irin Gastrografin. Bariyam, wato farin ruwan hoton da ba ya narkewa, idan ya zube cikin ciki ta hujin hanji masifa ce babba. Wanda ake zargin hanjinsa ya mutu ko ya huje ba a yi masa wannan gwaji sam.

Mataki na 7: CT

Inda take akwai kuma majiyyaci zai jure, ita ce ta fi kowane hoto, domin tana amsa tambaya uku lokaci guda: ina murɗin yake, me ya jawo shi, kuma hanjin yana da rai ko babu. A yi ta da ruwan hoto ta jijiya, a ɗauka kamar daƙiƙa 60 zuwa 70 bayan an tura. Ba a bukatar ba majiyyaci ruwan hoto ya sha: zai ɓata lokaci, zai iya amayar da shi ya shaƙe, kuma farinsa yana ɓoye bangon hanjin da ake son gani. A duba aikin ƙoda, amma idan ana tsoron mutuwar hanji, jiran sakamakon ba ya zama dalilin jinkiri.

Wajen karantawa, ka fara daga dubura ka bi hanjin sama har inda ya tsuke, kuma ka duba yankan tsaye, ba na gicciye kaɗai ba. Za ka ga hannayen hanji biyu sun tsuke sun gitta juna a wuri ɗaya, jijiyoyi da kitse kuma sun nannaɗe kamar guguwa, alamar da Fisher ya bayyana a 1981. Guguwar sigmoyid tana tsakiya ko hagu, ta sikam tana dama. A ƙaramin hanji, yankin da ya murɗe yana yin siffar C ko U, jijiyoyinsa duk sun nufi wuri ɗaya. Guguwa ita kaɗai ba hujja ba ce, ana ganin 'yar kaɗan ga waɗanda aka taɓa yi wa tiyata. Sai ta zo tare da kumburarren hanji da wurin tsukewa.

Alamar mutuwar hanji mafi ƙarfi ita ce bangon da bai ɗauki ruwan hoto ba idan aka gwada shi da na kusa. Sai kumburin mesentari, ruwa a ciki, iska a bango ko a jijiyoyin hanta. Rashin waɗannan bai tabbatar da lafiyar hanjin ba, domin a farkon shaƙewa CT ma tana iya kuskure.

Akwai wani nau'i da aka fi sani a Gabashin Afirka da Turkiyya, inda ƙaramin hanji yake naɗe gindin sigmoyid su ƙulle. Hoto yana nuna sigmoyid da ƙaramin hanji duk a kumbure, majiyyaci kuma yana galabaita da sauri fiye da yadda aka saba. Wannan ba ya warwaruwa ta dubura.

Mai juna biyu ma hanjinta yana murɗewa, musamman a watannin ƙarshe, kuma tsoron hoto yana jawo jinkiri mai tsada. A fara da sikanin, ko MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, in akwai. In babu, eksire ɗaya ko biyu, kai har CT guda, hasken da zai kai ga ɗan tayi bai kai miligire 50 ba a ma'aunin hasken eksire, iyakar da ƙasa da ita ba a ga lahani ga halittar jariri ba. A yi wa matar da mijinta bayani, a ɗauki hoton.

Mataki na 8: Rahoto, da hoton bayan warwarewa

Rahoton da ya ce "akwai alamun toshewar hanji" bai taimaki kowa ba. Ka rubuta wane hanji ne, faɗinsa da santimita, inda ya tsuke, ko akwai murɗi, ko akwai alamar mutuwa ko huji. Kuma ka ɗaga waya ka faɗa da baki, kada ka bar takardar ta bi ɗan aike.

Idan sigmoyid ne kuma babu alamar mutuwa, ana shigar da madubi, wato bututun leƙa cikin hanji, ta dubura a warware shi, hanyar da Bruusgaard na ƙasar Norway ya yaɗa a 1947. Murɗin yawanci yana tsakanin santimita 15 zuwa 25 daga bakin dubura. Mai yin aikin ya duba launin fatar cikin hanjin: idan baƙa ce ko ruwan jini ya fito, a tsaya a wuce ɗakin tiyata. Idan ta yi kyau, a bar roba a duburar kwana ɗaya zuwa uku, sannan a sake eksire. Hoton na biyu yana tabbatar da cewa ƙaton lanƙwasar ya sace, kuma babu iskar da ta fita waje saboda huji.

A nan ne majiyyaci zai ce ya warke, 'yan uwa su fara naɗe tabarma. Ka ajiye hotunan biyu gefe da gefe ka nuna musu. Ka ce: "Baba, an kwance shi ne kawai, tsawon da ya sa ya murɗe yana nan." Kusan rabin waɗanda aka sallama ba tiyata, ko fiye, suna dawowa da murɗin, wasu da mataccen hanji. Shi ya sa ake so a yanke sigmoyid ɗin a wannan kwanciyar, bayan 'yan kwanaki, lokacin da jiki ya samu ruwa kuma hanji ya huce. Wanda ya ƙi, a ba shi hotunansa ya tafi da su, a rubuta masa sunan cutar a takarda, domin duk asibitin da ya faɗa nan gaba su san abin da za su fara nema.